Ajiyar Bayanai A Rumbun Intanet: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Auna Kafin Ya Zaɓa

LEGAS — Littafin bashi, rasiɗan kaya, takardun fito, hotunan samfur da kwafin takardun filaye, waɗanda a da akan kulle su cikin akwatin ƙarfe ko durowar kanti, yanzu akasarinsu sun koma cikin wayar hannu da kwamfuta. Wannan sauyi ya sauƙaƙa harkar ciniki ƙwarai da gaske, amma kuma ya zo da wata tambaya wadda 'yan kasuwa da yawa ba sa yi wa kansu sai ranar da aka sace waya ko kwamfuta ta ƙi tashi, wato ina kwafin waɗannan takardu yake, wa ke riƙe da shi, kuma nawa ake biya a kansa.

Maganar ba ta tsaya ga kwanciyar hankalin mai kanti kaɗai ba. Dokar Kamfanoni ta 2020 ta wajabta wa kowane kamfani mai rajista ya adana takardun lissafinsa har tsawon shekara shida. Wanda ma ba shi da rajista, idan littafin bashinsa ya salwanta, to wani yanki na jarinsa ya salwanta tare da shi, domin ba kowane mai cin bashi ne zai kawo kansa ba. Gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016, da wadda ta tashi a kasuwar Balogun ta Legas a watan Nuwamba na 2019, sun isa misali a kan abin da ke faruwa idan kaya da takardunsu suna ƙarƙashin rufi ɗaya.

Abin da Turawa ke kira gajimare a wannan fanni ba wani abu ba ne illa manya-manyan kwamfutoci da wani kamfani ya jera a gininsa, yana ba da hayar wuri a cikinsu. Saboda haka mai ajiye fayil a can ɗan haya ne, kuma duk tambayoyin da akan yi kafin a kama hayar sito sun hau kansa.

Daidaitawa daban, ajiya daban

Kuskure na farko da aka fi yi shi ne ɗaukar daidaita fayiloli tamkar ajiyar ko-ta-kwana. Aikin manhajar daidaitawa shi ne ta tabbatar abin da ke cikin waya, da na kwamfutar ofis, da na rumbun kamfani duk sun zama iri ɗaya. Idan akawu ya gyara lissafi a kanti, nan take mai gida zai ga gyaran a wayarsa ko yana Kwatano. Wannan shi ne amfaninta. Sai dai kuma idan yaron kanti ya goge fayil bisa kuskure, gogewar ma za ta bi ta kowace na'ura. Haka nan idan muguwar manhajar nan mai garkuwa da bayanai ta kulle fayilolin kwamfuta, kulallun ne za su hau rumbu su maye gurbin masu lafiya. Irin wannan manhaja mai suna WannaCry ta shiga kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150 a watan Mayu na 2017, har ta dagula aikin asibitocin gwamnati a Ingila.

Ajiyar ko-ta-kwana kuwa kwafi ne da aka ɗauka a wata rana aka keɓe shi, ba ya canjawa don asalin ya canja. Manyan kamfanoni sun ɗan toshe wannan ɓaraka ta hanyar ajiye abin da aka goge a kwandon shara na wani lokaci. A Google Drive da iCloud da ƙaramin asusun Dropbox wa'adin kwana 30 ne. Ashe ke nan wanda bai lura da ɓacewar rasiɗin watan Janairu ba sai da mai binciken lissafi ya zo a watan Yuni, babu abin da kwandon zai tsinana masa.

Kyautar da ke raguwa

Kamfanin Dropbox, wanda Drew Houston da Arash Ferdowsi suka kafa a Amurka a 2007, shi ne ya yaɗa wannan tsari tsakanin jama'a, yana ba da gigabait 2 kyauta. Apple ya fito da iCloud a 2011 da gigabait 5, Google kuma ya buɗe Drive a watan Afrilu na 2012. Gigabait 15 da Google ke bayarwa kyauta na haɗin gwiwa ne tsakanin Drive da wasiƙun Gmail da hotuna.

Tarihin shekarun da suka biyo baya ya nuna cewa kyautar tana tafiya ne ta hanya ɗaya, wato raguwa. A 2016 kamfanin Microsoft ya rage kyautar OneDrive daga gigabait 15 zuwa 5. A watan Maris na 2019 Dropbox ya taƙaita masu asusun kyauta ga na'urori uku. A ranar 1 ga Yuni, 2021, Google ya kawo ƙarshen ajiye hotuna kyauta ba iyaka. Daga ƙarshen 2023 zuwa farkon 2024 kuma, kwafin hirarrakin WhatsApp na wayoyin Android ya fara shiga cikin lissafin gigabait 15 ɗin nan, bayan shekarun da aka yi ba a ƙirga shi. Wannan mataki na ƙarshe ya fi shafar 'yan kasuwar ƙasar nan, waɗanda yawancin cinikinsu, da hotunan kaya da saƙonnin murya da shaidar biyan kuɗi, ta WhatsApp suke bi. Idan ma'aunin Google ya cika, ba ajiyar fayil ce kaɗai ke tsayawa ba, har wasiƙun Gmail sukan daina shigowa.

Ta fuskar tattalin arziki babu abin mamaki a nan. Kyautar farko kuɗin talla ne. Kamfani ya san cewa wanda ya tara hotuna da takardun shekara biyar a wuri ɗaya, wahalar kwashe su ta fi masa ciwo a kan biyan ɗan kuɗi kowane wata. Wannan wahalar tashi ita ce ainihin jarin kamfanin, kuma ita ce ke ba shi damar sauya sharuɗɗa ba tare da ya rasa masu hulɗa da shi ba.

Lissafin kuɗi

A farashin Amurka, Google yana sayar da gigabait 100 a kan dala 1.99 a wata, Apple kuma gigabait 50 a kan santi 99. Terabait 2, wato gigabait 2,000, yana kamawa wajen dala 10 a wata a wurin su biyun. Wasu kamfanoni suna da farashi na musamman da Naira wanda ya gaza wannan, amma shi ma akan sake duba shi idan canji ya motsa.

A nan ne kasadar take ga mai samun kuɗinsa da Naira. Dala 10 a wata dala 120 ce a shekara. A farkon watan Yuni na 2023, kafin Babban Bankin Nijeriya ya sakar wa kasuwa farashin canji, dala tana kusan N460 a hukumance, wato kuɗin shekara ya kama N55,200. A watan Fabrairu na 2024 dala ta haura N1,500, kuɗin ajiyar nan ɗaya ya koma N180,000, alhali ko gigabait ɗaya ba a ƙara ba. Ga kuma harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, wanda Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar da hidima ta intanet nauyin karɓa.

Bugu da ƙari akwai matsalar hanyar biya. A 2022 bankuna da dama sun rage abin da za a iya kashewa a waje da katin Naira zuwa dala 20 a wata, wasu kuma suka dakatar da shi baki ɗaya, sai a 2025 wasu daga cikinsu suka sake buɗewa. Wanda katinsa ya ƙi biya ba a goge masa fayiloli a ranar, amma asusunsa yakan koma matakin kyauta, daidaitawa ta tsaya, kuma idan aka daɗe a haka kamfani yana da ikon share abin da ya haura ma'auni.

Kuɗi na uku shi ne na data. Duk fayil da ya hau rumbu an biya kuɗin hawansa, idan ya sauka a na'ura ta biyu a sake biya. A watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Lokaci ma kuɗi ne: a layin da ke tura megabit 5 cikin daƙiƙa, ɗora gigabait 100 zai ci fiye da awa 44 ba tsayawa. Don haka ya kamata a saita manhaja ta riƙa ɗora hotuna da bidiyo sai an haɗa da layin ofis ko na gida, a kuma zaɓi jakunkunan da za ta daidaita maimakon a sakar mata komai.

Hanyoyi uku

Zaɓin da ke gaban mai neman ajiya ya kasu gida uku.

Na farko su ne manyan kamfanonin nan huɗu, Google, Microsoft, Apple da Dropbox. Fa'idarsu ita ce sauƙi da haɗin aiki. Mutum uku za su iya gyara takardar lissafi ɗaya a lokaci ɗaya, kuma manhajar yawancinsu tana zuwa ne a cikin waya ko kwamfuta tun daga kanti. Wanda ya riga ya biya kuɗin Microsoft 365 saboda Word da Excel yana da terabait ɗaya na OneDrive a ciki, ba ya bukatar ya sake biyan wani. Wanda ke riƙe da iPhone a hannu ɗaya da Android a ɗaya hannun kuwa, iCloud ba zai yi masa daɗi ba, domin an gina shi ne don kayan Apple.

Na biyu su ne kamfanonin da suka ɗauki sirri a matsayin hajarsu. Akwai Proton Drive na ƙasar Suwizalan, wanda ya fito sosai a 2022. Da Tresorit, wanda hukumar gidan waya ta Suwizalan ta sayi mafi yawan hannun jarinsa a 2021. Da Mega, wanda aka buɗe a watan Janairu na 2013, yana ba da gigabait 20 kyauta. Waɗannan suna kulle fayil tun a cikin na'urar mai shi kafin ya tashi, ta yadda su kansu ba sa iya karanta shi. Kamfanin pCloud kuma ya yi suna da tsarin biya sau ɗaya na har abada. Irin wannan tsari yana kawar da fargabar canji, amma ya kamata mai saye ya sani cewa har abadan nan tsawon ran kamfanin ne.

Na uku shi ne mutum ya zama mai rumbun kansa. Manhajar Syncthing, wadda Jakob Borg ya fara a 2013, kyauta ce, tana daidaita fayiloli kai tsaye tsakanin na'urorin mutum ba tare da sun zauna a rumbun kowa ba. Idan na'urorin suna kan layin ofis ɗaya ma ba ta bukatar data. Sharaɗinta shi ne na'urori biyun su kasance a kunne a lokaci guda. Masu ita sun daina fitar da manhajarsu ta Android a watan Disamba na 2024, sai dai wasu masu sa kai sun ci gaba da wani reshenta. Nextcloud kuwa, wadda Frank Karlitschek ya kafa a Jamus a 2016 bayan ya bar ownCloud, tana mayar da kwamfutar ofis ko wadda aka yi haya ta zama cikakken rumbu mai asusun kowane ma'aikaci. Gwamnatin jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanya ta cikin shirin da ta bayyana a 2024 na rage dogaro da Microsoft.

Wannan hanya ta uku ba ta da kuɗin wata, amma ba kyauta ba ce. Tana bukatar wutar da ba ta yankewa, wato inbata ko sola, da faifan ajiya na biyu, da wanda zai riƙa sabunta manhaja yana toshe kafar ɓarayi. Kamfani mai ma'aikata ashirin da ma'aikacin kwamfuta na dindindin zai iya cin ribarta. Mai kanti ɗaya wanda zai dogara da wani yaro da ya haɗa masa ya tafi, ya sayi wahala ne kawai.

Wa ke riƙe da makulli

Dukkan manyan kamfanoni suna kulle bayanai a kan hanya da kuma a cikin rumbu, amma a tsarinsu na yau da kullum makullin yana hannunsu. Wannan ne ya sa suke iya taimakon wanda ya manta kalmar sirri, shi ne kuma ya sa suke iya buɗe fayil idan kotu ta umarce su. Dokar CLOUD da Amurka ta kafa a watan Maris na 2018 ta ba hukumomin ƙasar ikon neman bayanai daga kamfanonin Amurka ko da a wata ƙasa aka ajiye su. Apple ya fito da tsarin da ke bar wa mai asusu makullinsa a watan Disamba na 2022, amma a watan Fabrairu na 2025 ya janye shi daga Birtaniya bayan rahotannin cewa gwamnatin ƙasar ta nemi a ba ta hanyar shiga. Darasin shi ne, alkawarin kamfani yana ƙarƙashin dokar ƙasar da yake aiki.

Riƙe makulli da kai ma yana da nasa nauyin. Wanda ya manta kalmar sirrinsa a Proton ko Mega, kuma bai adana kalmomin ceto da aka ba shi ranar buɗe asusu ba, babu wanda zai iya buɗe masa tsofaffin fayilolinsa. Akwai hanyar tsakiya, wato manhaja irin Cryptomator ta Jamus, wadda ke kulle jaka guda a cikin Google Drive ko Dropbox, a zuba takardu masu nauyi a ciki, sauran kuma a bar su a buɗe don aikin yau da kullum.

A gida kuma, Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni na 2023, ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanan mutane don kasuwanci. Mai otal, mai makaranta ko wakilin banki da ke ajiye hotunan katin shaidar abokan hulɗarsa, shi ne zai amsa tambaya idan suka fita, ba kamfanin rumbu kaɗai ba. Dokar ta tanadi a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 idan aka sami ɓarakar da ke iya cutar da mutane, ta kuma gindaya sharuɗɗa a kan fitar da bayanai zuwa ƙasashen waje.

Ranar da aka rufe ƙofa

Girman kamfani ba lamuni ba ne. A watan Janairu na 2012 hukumomin Amurka suka rufe Megaupload bisa zargin satar fasaha, masu ajiyar halal suka rasa hanyar kaiwa ga kayansu tare da masu laifi. Kamfanin Canonical ya rufe rumbun Ubuntu One a 2014. Amazon, duk da ƙarfinsa, ya rufe Amazon Drive a ƙarshen Disamba na 2023. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin gine-ginen kamfanin OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, kuma wasu abokan hulɗarsa sun yi asarar bayanansu ɗungurungum domin kwafinsu na ko-ta-kwana yana harabar da ta ƙone. Dropbox ma an yi masa kutse a 2012, sai a 2016 aka gane cewa asusu kimanin miliyan 68 abin ya shafa.

Wani lokaci rumbun yana nan lafiya, hanyar zuwa ce ke yankewa. A ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, harkar bankuna da ofisoshi ta dagule a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu. Wanda fayilolinsa ke sama kaɗai, ba shi da kwafi a kwamfutarsa, ya wuni yana kallon allo. Zanen aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara.

Don haka kafin a shiga kowane rumbu, a fara duba ƙofar fita. Google yana da tsarin Takeout na sauke duk abin da ke cikin asusu, kuma ya kyautu a gwada irin wannan tun kaya ba su yi yawa ba. A kuma tuna cewa tun daga watan Disamba na 2023 Google ya fara share asusun da aka yi shekara biyu ba a taɓa shi ba.

Tsarin da ya fi dacewa

Masana harkar ajiya suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa. Ma'anarta a mallaki kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan na'ura iri biyu, ɗaya daga ciki kuma ya kasance a wani wuri dabam. Ga ɗan kasuwa wannan yana nufin asali a kwamfuta ko waya, kwafi na biyu a rumbun intanet, na uku a faifan ajiya da ake ɗauka kowane mako ko wata, a cire shi daga jikin kwamfuta, a kai shi gida idan kwamfutar a kanti take. Faifai da filas suna mutuwa ba sanarwa, ga kuma na jabu a kasuwa masu nuna girman da ba su da shi, saboda haka lalle ne a riƙa buɗe fayil ɗaya ko biyu daga cikin kwafin lokaci-lokaci don a tabbatar yana aiki.

Kafin a biya ko kwabo, a rarrabe kayan. Takardun da rashinsu zai jawo asara, wato lissafi, yarjejeniyoyi, takardun haraji da na fili, ba safai suke kai gigabait 5 ba, kuma za su shiga ma'aunin kyauta na yawancin kamfanoni. Abin da ke cika rumbu bidiyon biki ne da hotunan da aka turo a rukunin WhatsApp. Waɗannan faifai ya ishe su. Raba asusun kasuwanci da na iyali shi ma yana hana hotunan suna su toshe wasiƙar abokin ciniki.

Tsaron asusun kansa ya fi zaɓin kamfani muhimmanci. A sa kalmar sirri wadda ba a amfani da ita a wani wuri, a kunna tantancewa mai mataki biyu, a kuma rubuta lambobin ceto a takarda a adana. Dogaro da saƙon tes kaɗai yana da haɗari, domin layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kamfanin waya yakan sake sayar da shi ga wani. Idan ma'aikaci ya bar aiki, a cire shi daga jakunkunan da aka raba da shi a ranar, a kuma tabbatar tun farko cewa asusun kamfani da sunan kamfani aka buɗe shi, ba da adireshin akawu ba.

Abu na ƙarshe shi ne na magada. Idan mai dukiya ya rasu, ba a raba gado sai an san bashin da ake binsa da wanda yake bi, kuma a yau wannan lissafi yana iya kasancewa a bayan kalmar sirrin da shi kaɗai ya sani. Google tun 2013 yana da tsarin da mutum zai ambaci wanda za a miƙa wa bayanansa idan asusun ya yi wani lokaci shiru, Apple ma ya kawo irinsa a ƙarshen 2021. Cika wannan ba ya cin minti goma, amma sai mai asusun yana raye ake yinsa. Ba a fafe gora ranar tafiya.